Jinyar Tsofaffi Tsakanin Gida da Hukuma: Sharhi a Kan Ra'ayin Nan na "Gida Ya Wadatar"

Gabatarwa

Da wuya a yi wani taro a ƙasar nan a kan al'amarin tsofaffi a watse ba a sami wanda ya miƙe ya ce mu Hausawa ba mu san gidan ajiye tsofaffi ba, wannan sai Turawa, mu tsohonmu a ɗakinsa yake ƙarasa kwanakinsa, 'ya'ya da jikoki suna kewaye da shi. Akan tafa wa mai wannan magana, mu ma da muke gabatar da wannan takarda mun sha tafawa. Nufinmu a yau shi ne mu ɗan tsagaita da tafin, mu jujjuya maganar mu ga abin da ke ƙarƙashinta. Akwai gaskiya a cikinta, ba mu musa ba. Abin da muke tuhuma shi ne ra'ayin da aka ɗora a kanta, watau cewa kula da tsoho iri biyu ce, akwai ta gida akwai ta hukuma, kuma zaman kishiyoyi suke yi, in ɗaya ta shiga ɗaki sai ɗaya ta fita. Don haka muddin ta gida tana da rai, hukuma ba ta da wani aiki sai yabo da addu'a. Wannan shi ne muka laƙaba wa suna ra'ayin "gida ya wadatar".

Idan muka ce kulawar hukuma, muna nufin duk wadda ake yi bisa doka da albashi da rajista, kamar asibiti da fansho da inshorar lafiya da gidan gajiyayyu. Idan kuwa muka ce kulawar gida, muna nufin wadda ɗa ko 'ya ko mata ko matar ɗa ko jika ko maƙwabci yake yi ba tare da an biya shi ba. Mun karɓi wannan rabo ne don mu sami abin riƙewa kawai, domin nan gaba za mu ga cewa shi kansa rabon bai zauna daidai a kan ƙasar Hausa ba.

Inda ra'ayin ya samo tushe

Masu wannan ra'ayi sukan ɗauka daga al'adarmu suka tsamo shi, alhali rabinsa baƙo ne. A shekarar 1972 Donald Cowgill da Lowell Holmes suka fitar da littafinsu mai suna Aging and Modernization, inda suka kwatanta al'ummomi da dama, suka yanke cewa darajar tsoho tana raguwa gwargwadon yadda al'umma ta kutsa cikin zamani: birni ya janye matasa daga ƙauye, makaranta ta mai da ilmin kaka tsohon yayi, sababbin sana'o'i kuma suka raba tsoho da ikon da yake da shi a kan gona da dukiya. Malamanmu suka karɓi wannan bayani hannu biyu-biyu, sa'an nan suka juya shi ya zama magani. Tun da zamani ne ya kawo cutar, to, a koma ga al'ada, a yi wa matasa wa'azi a kan haƙƙin iyaye. Ba abin mamaki ba ne da mahukunta suka so wannan magani, domin wa'azi ba ya cin ko kwabo a cikin kasafin kuɗi.

A can Turai da Amurka kuwa tsoron da ake yi wani ne dabam. Masu riƙe da baitulmali ne suke fargabar cewa idan gwamnati ta fara biyan masu jinya, iyalai za su naɗe hannu su bar mata tsofaffinsu. An daɗe ana gwada wannan zato da bincike. Marjorie Cantor ta nuna a 1979, daga nazarin da ta yi a birnin Niyu Yok, cewa tsoho yakan fara neman taimako daga abokin zamansa da 'ya'yansa, sai dangi, sai abokai da maƙwabta, ba ya zuwa ga hukuma sai waɗannan sun gaza. Eugene Litwak a 1985 ya ƙara da cewa ayyukan ma ba iri ɗaya ba ne: akwai wanda sai gwani, kamar tsara magani da gashin ƙashi, akwai kuma wanda sai na kusa, kamar tashi da tsakar dare idan tsoho ya yi kira. Wani babban bincike da aka yi a farkon shekarun 2000 a ƙasashe 5, watau Norwe da Ingila da Jamus da Sifen da Isra'ila, ya gano cewa inda hidimar hukuma ta fi yawa, jimlar taimakon da tsoho yake samu ita ma ta fi yawa, kuma ba a ga iyalai sun janye jiki sun bar wa hukuma ba.

Mafi kusa da mu shi ne aikin Isabella Aboderin a Ankara, babban birnin Gana, wanda ya fito a littafi a 2006. Ta zanta da tsofaffi da 'ya'yansu da jikokinsu, ta gano cewa babban abin da ya rage taimakon da ake ba iyaye shi ne ƙuncin aljihu. Mai ɗan ƙaramin samu, idan ya tsaya tsakanin kuɗin makarantar ɗansa da maganin mahaifinsa, yakan fifita ɗan. Har wa yau 'ya'ya sun fara auna abin da za su yi wa uba da abin da shi ya yi musu suna ƙanana. Wannan ba cuta ce da wa'azi kaɗai zai warkar ba.

Gidan da ake yi wa kirari

To, mu dawo gida. Ra'ayin "gida ya wadatar" ya tsaya ne a kan zaton cewa an yi wani zamani a ƙasar Hausa da kowane tsoho yake da mai ɗaukar nauyinsa. Abin da aka rubuta game da zaman karkara bai goyi bayan wannan zato ba.

Tsarin da ya riƙe tsohon manomi a da shi ne gandu. 'Ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar uba a ƙarƙashin ikonsa, shi kuma yana ciyar da su da iyalansu, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari, ya yanka wa kowa gayaunarsa. Idan ƙarfin uba ya ƙare, rumbu yana nan, babban ɗa ya ci gaba da juya al'amura da sunansa. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma yi nazarin Ɗorayi ta Kano a farkon shekarun 1970, ta nuna cewa gandu yarjejeniya ce, ɗa yana iya fita idan ya ga zaman ba riba. Ta kuma nuna cewa manomi mai yawan gonaki shi ne yake iya riƙe 'ya'yansa, talaka kuwa nasa sukan watse, wasu su shiga ƙodago a gonakin mutane, wasu su tafi cin rani, wasu tafiyar ke nan. Ke nan tun kafin boko ya ratsa ƙauye sosai, tun kafin kuɗin man fetur, kulawar da tsoho yake samu tana bin abin da ya mallaka. Mai rumbu bai rasa mai jinya ba. Wanda ya tsufa hannu rabbana, tun a wancan lokaci ya san hanyar ƙofar masallaci ranar Juma'a.

Abu na biyu da ra'ayin ya manta shi ne cewa kulawar da muke kira ta gida tana da doka a bayanta. Umurnin kyautata wa iyaye idan sun tsufa, wanda ya zo a aya ta 23 da ta 24 ta Suratul Isra'i, malaman fiƙihu ba su bar shi a matsayin nasiha kawai ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure a ƙasar nan ya karanta, ta lissafa waɗanda ciyar da su ya wajaba a kan mutum: matarsa, da iyayensa biyu idan matalauta ne, da ƙananan 'ya'yansa waɗanda ba su da dukiya. Wajibin ciyar da iyaye yana hawa kan ɗa namiji da 'ya mace duka, in dai suna da hali. Muhtasar na Halil ya zarce nan, ya ɗora wa ɗa mai wadata ciyar da mai yi wa iyayen hidima, da yi wa uba aure idan yana da bukata. Haƙƙi ne da alƙali yake iya tilastawa, ko da yake kunya takan hana uba kai ɗansa ƙara. To, a wane akwati za mu sa wannan, na gida ko na hukuma?

Abin lura kuma shi ne inda dokar ta tsaya. A mazhabar Maliku ciyar da kaka ko gwaggo ko baffa ko kawu ko yaya bai wajaba a kan kowa ba ta fuskar shari'a. Waɗannan sai dai zumunci da tausayi. Sa'an nan an hana mutum ya ba iyayensa matalauta zakkarsa, saboda ciyar da su ya riga ya hau kansa. Idan muka haɗa waɗannan hukunce-hukunce biyu za mu ga cewa ita Shari'a tun farko ta san gida ba zai ɗauke kowa ba, shi ya sa ta tanadi zakka da baitulmali da waƙafi domin waɗanda suka faɗo ta tsakanin yatsun dangi. Wanda yake cewa shigowar hukuma cikin kula da tsofaffi baƙon abu ne, bai yi wa littattafan da ke cikin gafakarsa adalci ba. Haka nan sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, waɗanda masarautu irin su Kano suka daɗe da su, shaida ne cewa fada ta san da jama'ar da ba a gida suke samun abinci ba, har ta naɗa musu shugabanni. Hukumomin zakka da wasu jihohi suka kafa bayan dawo da Shari'a daga 1999, irin su Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano, a kan wannan tsohon tushe suka hau.

Wanda ya fi kowa faɗowa ta tsakanin yatsun nan ita ce macen da ba ta haihu ba. Baba mutuniyar Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ta yi aure sau 4 ba ta sami haihuwa ba. Abin da ya tallafe ta shi ne 'ya'yan riƙo da ta raina, da ƙawaye, da danginta da ba ta yanke zumunci da su ba. Mai karanta labarin da idon basira zai ga cewa mace irin Baba tun tana da ƙarfi take tanadin tsufanta, da riƙo da biki da ciyayya, kamar yadda ma'aikaci yake zuba kuɗin fansho. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin matan birnin Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna cewa mace mai ƙuruciya idan ta fita takaba takan sake aure, wadda ta manyanta kuwa sau da yawa ba ta sakewa, sai ta koma wajen ɗanta ko ta zauna da kanta tana 'yar sana'a. Wadda ba ta da ɗa, ba ta da ɗan riƙo, ƙarfin yin ƙuli-ƙuli ko dakau kuma ya ƙare, ba ta cikin hoton da ake nuna mana a wajen taro.

Wa yake goye da wani?

Yanzu sai mu shiga asibiti, domin a nan ne kulawar nan biyu suke haɗuwa ido da ido, a nan ne kuma zancen kishi yake rushewa gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwantar da tsohonsa a asibitin gwamnati a ƙasar nan ya san tambayar da ake fara yi masa: ina mai jinya? Likita ya duba ya rubuta, nas ta yi allura ta sa ruwa ta auna jini. Sauran aikin kuwa na mai jinya ne. Shi zai je kemis ya sayo maganin da aka rubuta, har da safar hannu da sirinji da robar fitsari. Shi zai kai jini ɗakin gwaji ya koma ya karɓo sakamako, shi zai nemo wanda zai ba da jini idan ana bukata. Shi zai kawo kunu daga gida ya ba mara lafiya a baki, ya kai fo ya zubar, ya wanke zane, ya juya tsoho daga wannan ɓari zuwa wancan don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Da dare ya shimfiɗa tabarma a gindin gado ko a baranda. Kuɗin duka daga aljihun dangi yake fitowa, domin fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya mutane ne suke biya kai tsaye daga aljihunsu.

Idan aka kori masu jinya daga asibitocinmu na kwana ɗaya tak, aikin asibitin zai tsaya cik. Saboda haka ba daidai ba ne a ce hukuma tana jiran gida ya gaza kafin ta shigo. Ita ce take goye a bayan gida tun tuni, ba ta kuwa taɓa rubuta sunan mai goyon a cikin lissafinta ba. Ba a koya masa yadda ake ɗaga wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba tare da ya karya nasa bayan ba, ba a koya masa yadda ake ba da abinci ga wanda haɗiya take yi wa wuya ba. Ranar sallama a miƙa masa takardar magani a ce a dawo bayan mako biyu. Daga ƙofar asibiti zuwa ɗakin tsoho babu wata gada. Cututtukan tsufa kuwa, hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki da ruɗewar tsufa, ba irin waɗanda ake jinyar mako guda a tashi ba ne. Wasu sukan ɗauki shekaru. Kakanninmu sun yi jinya, gaskiya ne, amma mafi yawan jinyarsu gajeruwa ce, don babu maganin da zai riƙe ran mutum shekara biyar yana kwance. Asibiti ne ya tsawaita kwanakin, sa'an nan ya mai da wa gida ɗawainiyar kwanakin da ya ƙara.

A nan ne ya kamata mu tsaya a kan kalmar "gida" ita kanta, domin tana ɓoye fuskoki. Idan aka ce gida yana kula da tsoho, wane ne gidan? Ɗa namiji da ke aiki a Abuja ko Legas yakan aiko da kuɗi ta waya, ya zo da Salla, jama'a su sa masa albarka, kuma ya cancanta. Amma hannun da yake taɓa fitsari da kashi kullum, galibi hannun mace ne. Idan tsohuwa ce ta kwanta, aikin yakan faɗa kan 'yarta da aure ya mutu ta dawo gida zawarci, wadda daga nan maganar sake aurenta ta tsaya sai abin da hali ya yi. Ko kan matar ɗa, wadda fiƙihu bai ɗora mata hidimar iyayen miji ba, amma al'ada ta ɗora mata, in ta yi ƙorafi a ce ba ta da tarbiyya. Ko kuma kan jika mace da aka ɗauko daga wajen iyayenta don ta taya kaka kwana, wadda zuwanta makaranta yakan zama yau da gobe har a daina zancen. Idan tsoho namiji ne, al'amarin ya fi wuya, domin kunyar da ke tsakanin suruki da matar ɗansa ta hana ta shiga ɗakinsa balle ta taɓa jikinsa, 'yarsa ma akwai iyakar abin da za ta iya yi masa. Wanda zai yi masa wanka sai matarsa ko ɗansa namiji. Daga nan ne za mu fahimci wani abu da ake yawan yi wa dariya a wasannin kwaikwayo, watau dattijo mai shekara 70 da 'ya'yansa suka haɗu suka yi masa amarya. Sau da yawa ma'aikaciyar jinya aka ɗauka, aka biya ta da sadaki, aikin kuma ba shi da ranar hutu ba shi da lokacin tashi. Muna ganin marubutanmu sun yi wa wannan mata rowar kulawa, sun tsaya ga ba'a ga angon.

Ba mu kawo waɗannan don mu zubar da ladan kowa ba. Da yawa daga cikin matan nan suna yin aikin da zuciya ɗaya, suna neman albarkar iyaye, kuma ba za su yarda wani bare ya karɓe su ba. Abin da muke cewa shi ne, ra'ayin da ya kira wannan aiki "kyauta" bai yi lissafi ba. Ana biya, da karatun yarinya, da auren bazawara, da lafiyar bayan matar ɗa, sai dai ba a baitulmali ake rubuta kuɗin ba.

Akwai kuma inda gidan ma babu shi ɗungurungum. Rikicin da ya ɓarke a Barno tun 2009, da hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, sun tarwatsa ƙauyuka, kuma idan gudu ya kama, wanda ba ya iya gudu shi ake bari. Ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a watan Disamba na 2020 a kan halin da tsofaffi suka shiga a arewa maso gabas, a ƙauyukan da aka bar su da kuma sansanonin 'yan gudun hijira. Ga waɗannan, zancen gida ya wadatar ya zama kamar izgili.

Abin da hukuma ta ɗauka

A kan takarda, hukuma ta ɗauki alkawari tun da daɗewa. Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999, kamar na 1979 kafinsa, ya ambaci kula da tsofaffi da biyan fansho a cikin manufofin da gwamnati za ta sa a gaba. Sai dai sashen yana cikin Babi na 2, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiki da shi. An buɗe cibiyar farko da aka gina musamman domin lafiyar tsofaffi a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2012. An sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, aka naɗa mata shugabanni a 2021, shekarar da Majalisar Zartaswa ta amince da Manufar Ƙasa a kan Tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi a cikin rukunin masu rauni da za a tanadar wa asusu. Duk waɗannan ci gaba ne, ba mu raina ba. Amma dokar Cibiyar ta ɗauki dattijo daga shekara 70, a ƙasar da manomi ko ɗan dako yakan gama ƙarewa tun kafin ya kai 60, kuma da yawa ba su da takardar haihuwa da za su nuna.

Fansho shi ne kulawar hukuma da ta fi shiga gidaje, shi ne kuma ya fi nuna kuskuren zancen kishi. Dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta kawo tsarin tara kuɗi, inda ma'aikaci yake zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai ɗaukarsa aiki ya zuba kashi 10. Asusun da aka buɗe a ƙarƙashin tsarin sun ɗan haura miliyan 10 a ƙarshen 2023, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. An ƙaddamar da ƙaramin fansho domin masu sana'ar hannu a 2019, amma manomin Batagarawa da mai ƙosai ta bakin kasuwa har yanzu 'ya'yansu ne fanshonsu. To, a gidajen da fanshon yake shiga, me muke gani? Ba mu ga 'ya'ya sun gudu don baba yana da kuɗi ba. Akasin haka muke gani: ɗakinsa yakan cika da jikoki, shi yake sayen buhun masara, shi yake biyan kuɗin makarantar marayun ɗansa, kuma wanda yake da abin bayarwa ba ya rasa mai amsa kiransa. Tsohon rumbun gandu ne ya dawo a cikin sabuwar riga. A Afirka ta Kudu, inda aka faɗaɗa fanshon tsufa ya kai ga baƙaƙen fata sosai a farkon shekarun 1990, Esther Duflo ta nuna a 2003 cewa 'yan mata ƙanana da ke zaune da kaka mace mai karɓar fansho sun fi takwarorinsu nauyi da tsawo. Lesoto a 2004, da Zanzibar a 2016, da Kenya a 2018, duk sun fara ba kowane mai shekara 70 wani abu ba tare da sharaɗin ya taɓa yin aikin albashi ba, kuma ba mu ce sun fi Nijeriya arziki ba. A nan gida jihar Ekiti ta gwada biyan Naira 5,000 a wata ga tsofaffi marasa galihu daga 2011, amma irin wannan shiri yakan rayu ne gwargwadon wa'adin gwamnan da ya kawo shi.

Mai sauraro zai iya cewa, to, ai magani ya samu, a ba gida kuɗi ya ci gaba da aikinsa. Mu ma zuciyarmu ta karkata can, domin ba mu ga amfanin a gina manyan gidajen ajiye tsofaffi a ƙasar da kalmar "gajiyayye" ta zama abin gori ga dangin mutum ba. Ƙananan gidaje masu mutunci domin waɗanda ba su da kowa sun isa. Ma'aikatan lafiya na matakin farko da suke cikin kowace ƙaramar hukuma, da za a koya musu lafiyar tsofaffi, su riƙa shiga gida suna auna jini suna duba gyambo suna nuna wa mai jinya dabarun ɗagawa da juyawa, da sun gina rabin gadar da muka ce babu. Amma game da ba da kuɗi, akwai gargaɗi daga ƙasashe biyu da ya kamata mu saurara. Jamus, da ta kafa inshorar jinyar tsufa a 1995, ta ba tsoho zaɓi, ko a aiko masa da ma'aikaci ko a ba shi kuɗi ya sallami danginsa da ke jinyarsa, kuma da yawa kuɗin suka zaɓa. Japan kuwa, da ta kafa tata a 2000, ta ƙi ba da kuɗi, ta tsaya a kan aika ma'aikata, kuma daga cikin waɗanda suka matsa a yi haka akwai ƙungiyoyin mata. Hujjarsu ita ce, a ƙasarsu matar babban ɗa ce take jinyar iyayen miji, idan aka ba gida kuɗi, maigida zai karɓa, ita kuma a ƙara ɗaure ta a gindin gado da hujjar cewa ai an biya.

Zaman gidan Japanawa na wancan lokaci ya fi kama da namu fiye da na Jamusawa. Idan gobe wata jiha ta Arewa ta yanke shawarar biyan wani abu a wata domin jinyar tsohuwa da ke kwance a wani gida a Fagge ko a Funtuwa, sunan wa za a rubuta a takardar? In an rubuta na babban ɗa, wanda shi ne al'ada da ma'aikatan rajista za su fara nema, kuɗin ya tafi zaure, fo kuma yana nan a hannun wadda take riƙe da shi tun jiya. In an rubuta na matar ɗa, an jefa ta cikin bakin dangin miji, a ce don kuɗi take yi. In an rubuta na tsohuwar kanta, wadda a ganinmu ita ta fi cancanta muddin hankalinta yana tare da ita, to, sai a tanadi wanda zai riƙa leƙowa ya ga ko katin cirar kuɗin yana ƙarƙashin matashinta ko yana aljihun wani. Masu nazarin zaman iyali da ke cikin wannan zaure, musamman mata daga cikinsu waɗanda ake bari su wuce zaure su shiga har ɗaki, su ne za su iya zama da masu jinyar nan su ƙirga awoyin da suke yi a yini, su kuma tambaye su wanne daga cikin ukun suke so.